Ajiyar Da Aka Ce Dole In Cire

Bur Dubai

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Safiya, ina kuma gaida amaryata, jikata Hanifa, wadda ta karya mini tabarau shekaranjiya ta ce kyanwa ce, alhali ba mu da kyanwa a gidan nan. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a inda kuke da inda za ku.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Kai ɗan fari ne, ga shi kuma sunan mahaifina ka ci, har yau bakina bai saba doguwar magana da kai ba. Ko na daure na fara, sai ka sunkuyar da kai ka ce "To, Baba," kuma na daɗe da gane cewa wannan "to" ɗin naka rufe ƙofa ne cikin ladabi. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ka karanta kai kaɗai.

Ran Juma'a muna cin abinci ka gaya mana ka karɓi aikin nan na Kuwait. Na yi murna, Allah ya sani. Sai ka ƙara da cewa tunda bizar Safiya da ta Hanifa a kan aikinka na nan suke, kuma bizojin za su ƙare da zarar ka ajiye shi, ka yanke shawarar su koma Kano gidan iyayenta. Kai kuma ka zauna a masaukin kamfani kyauta, ka tara abin gina gida. Ka ce, "Shekara uku kawai, Baba." Lokacin da kake faɗa ba ka kalli Safiya ba, ni kuwa na kalle ta. Ummanka ta ajiye ludayi ta shige kicin, alhali babu komai a kan wuta. Na ce maka ni zan ɗauki nauyin hayar gida da bizar iyali a can, ka tafi da su. Ka ce a'a, wannan ajiyar tsufana ce, ba za ka taɓa ta ba.

To bari in ba ka labarin ajiyar nan da kake jin nauyin taɓawa.

Ka san shekarun da na yi a ofishin kamfanin jiragen ruwan nan na Turawa da ke Port Saeed, ina kula da takardun kaya. Tun farkon zuwana suka sa mu a wani asusun fansho a can ƙasarsu. Ana yankar wani abu a albashinka duk wata, su ma su ɗora nasu, a bar shi yana haihuwa. Abokan aikina suna cewa a yanka musu kaɗan, ni na ce a yanki iyakar abin da aka yarda a yanka. Abokina Alhaji Sule, wanda muke da sito tare a Al Warsan, tun lokacin ya sa mini suna Malam Asusu. Yakan ce, "Kai wannan mutum, ko asusun yara ana fasa shi jajibirin Sallah. Naka yaushe ce Sallarsa?" Ni dai dariya nake, ina ganin shi ne mara lissafi.

Da na ajiye aiki ma ban taɓa kuɗin ba. Ɗan abin da muke samu a sito, na aika wa mutane kaya Kano, ya ishe mu ci da haya, sai na ci gaba da kallon asusun daga nesa ina jin daɗi a raina. Bayan na haye saba'in sai saƙonni suka fara shigowa wayata da Turanci, wai lokacin cire kuɗi ya yi. Na ce 'yan damfara ne, na goge. Suka sake, na sake gogewa. Ƙarshe wata mata ta kira ni daga ofishinsu, da murya mai sanyi kamar malamar asibiti. Ta yi mini bayani cewa dokar ƙasarsu ce, idan mutum ya kai shekaruna dole ya riƙa cire wani kaso duk shekara. In ya ƙi, a ci shi tara mai nauyi, kuma daga cikin kuɗin nasa za a cire.

Raina ya ɓaci. Na ce mata, "Baiwar Allah, kuɗin nan nawa ne ko naku?"

Ta ce nawa ne.

Na ce, "To ni mai su na ce a bar su a inda suke."

Ta yi 'yar dariya, ba ta raini ba. Ta ce, "Yallaɓai, ai don ranar tsufa aka tara su. Yaushe ka shirya fara amfani da su?"

Abba, ka ji tambaya. Shekara da shekaru ina tarawa, ban taɓa tambayar kaina wannan ba ko sau ɗaya. Wata baƙuwa da ba ta san ko da launin fuskata ba ita ta fara tambayata. Saura ƙiris wa'adin ya wuce a ci ni tarar, don tsabar taurin kaina.

Ba cewa nake kada ka yi tanadi ba, kada ka ji ni a karkace. In kamfaninku na can yana da irin wannan asusu, ka shiga tun watan farko. Amma ka zauna ka karanta ƙa'idodinsa da idonka, ka tambayi shekarun da ake fara cirewa, da shekarun da cirewar ke zama dole, da abin da ake yanka na haraji. Ka je wurin malami ka ji yadda zakkarsa take, kada ka yi irin nawa da sai daga baya na je ina sosa ƙeya. Kuma ka gaya wa Safiya yana nan, da yadda ake kaiwa gare shi. Ummanka ba ta san da nawa ba sai ranar da ta ji ni ina faɗa da matar nan a waya. Da na mutu kafin nan, da kuna nan kuna ta addu'a, kuɗin suna can suna jiran wanda ba zai zo ba.

Kuɗin suka shigo. Na tashi na tafi Al Warsan wurin Sule, na same shi yana faɗa da masu lodin kwantena. Na gaya masa abin da ya faru, ya yi dariya har sai da ya dafa kwali.

"Allahu Akbar! Yau Turawa sun fasa Malam Asusu! Yalla, khalas, shi ke nan, rufe sito za mu yi, yau kai za ka ciyar da ni."

Muka je wurin masu gashin nama, na ce a kawo mana na kirki, irin wanda na yi shekaru ina wucewa ina haɗiyar yawu. Aka kawo yana tururi. Na sa tsoka ɗaya a baki, na juya ta dama, na juya ta hagu, babu turamen da za su tauna. Ka san haƙoran nan ba tsufa ne ya cinye su ba. Duk sanda ɗaya ya yi ciwo, likita ya ce a gyara, sai in tambayi kuɗin gyara da kuɗin cirewa, in zaɓi cirewa. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sule ya cinye nasa ya jawo nawa, yana cewa, "Shwaiya shwaiya, a hankali, Malam, kai sha romon." Na sha romon muna dariya, amma a mota da za mu dawo sai lalubar guraben haƙoran nake da harshe.

Don haka in jikinka ya yi ƙara, ka saurare shi a ranar. Ka ci abinci mai kyau tun kana iya taunawa. Na lura da kai, kana tsallake abincin rana kana cewa ba ka jin yunwa, kuma na san inda ka gado wannan ƙaryar.

Washegarin cin naman nan na ce wa Ummanka ta shirya mu je kasuwar yadi. Ka san ba nisa daga gidan nan, amma da gwiwoyinta sai da muka huta a hanya, muka zauna bakin ruwa muna kallon kwale-kwalen abra suna kai mutane ƙetare. Da muka shiga wani shago na ce mata, "Hajiya, yau duk abin da idonki ya so, ɗauka." Ni da kaina na nuna wa mai shagon wani koren leshi mai tsada, na ce ya sauko da shi, tunda na san launinta ke nan.

Ta kalli leshin, ta kalle ni. Ta ce, "Alhaji, wa ya gaya maka ina son kore?"

Na ce, "Haba Hajiya, shekara nawa ina kawo miki shi?"

Ta ce, "Ai kuwa ka kawo. Na farkon da ka kawo na ce ya yi kyau, don kai ka kawo shi. Shi ke nan ka riƙe. Je ka unguwarmu a Kano ranar biki ka gani, duk matan layin kore suke sawa, kamar 'yan makaranta ɗaya. Ni na raba musu."

Mai shagon, wani Ba'indiye, ba ya jin Hausa amma ya ga alamar magana ta yi nauyi, sai ya koma gefe yana ninke abin da yake a ninke. Na ce mata to wane launi take so. Ta ce shuɗi, tun tana budurwa, kuma ranar da na fara zuwa zance gidansu ma shi ne a jikinta. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa duk shekarun nan. Ta ce, "Wata ɗaya kake zuwa hutu. Rabinsa gaisuwar dangi, rabinsa kana wurin magina. A ina zan sa maganar zane?"

Na sayi shuɗin. Shi ne wanda ta sa ranar sunan ɗan ƙanwarka, wanda kowa ya yi ta yabawa. Ta yi kyau ƙwarai, kuma ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Ina da kuɗin da zan saya mata shagon gaba ɗaya, amma matar da na aura sai da ta tsufa na san launin da take so. Ka riƙa tambayar matarka, Abba. In ta ce abu ya yi kyau, ka sake tambaya wata rana, don matanmu suna yaba abu saboda hannun da ya miƙo shi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa Ummanka ta shige kicin.

Ranar da zan baro Kano kana tatata, kana riƙe da gefen gado. Na ce mata, "Shekara uku kawai." Wallahi da gaske nake, ba yaudara a raina. Shekara ukun ta cika na sayi fili, sai na ce bari a tada gini. Aka tada, na ce bari a yi rufi. Aka yi rufi, ka isa makaranta, aka haifi ƙannenka. Kowace shekara da dalilinta, kuma duk dalilan nan masu kyau ne, babu wanda za ka ji ka ce ban yi hankali ba. Albashina ya kai na ɗauko iyali tun da wuri, kada ka ɗauka hanawa aka yi. A lokacin babu waya a hannun kowa, kaset muke aikawa ta hannun 'yan kasuwa. Sau ɗaya tak ta roƙe ni, a ƙarshen wani kaset, bayan ta gama jero gaisuwar mutanen gida. Ta rage murya ta ce, "Ko ɗaki ɗaya ne, mu dai mu zo." Na mayar mata da kaset guda ina yi mata bayanin tsadar haya a Dubai. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, sai dai ba shi ta tambaye ni ba. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka ta gamsu.

Kwanan nan ina zaune sai wata kalma ta tsaya mini a rai. Mu da bakinmu muna cewa mutum ya ajiye kuɗi, ya ajiye aiki, ya ajiye iyali. Ni sai na ɗauki ajiye iyali kamar ajiye kuɗi, na kai su wuri mai aminci, na rufe, na ce in na dawo zan tarar da su yadda na bari har da ƙari. Kuɗin kam na tarar da su har da ƙari. Ita kuwa lokacin da na ɗauko ta zuwa nan, bayan an aurar da ƙannenka, sai da aka tura ta a keken marasa lafiya daga jirgi zuwa mota.

Akwai abin da ban san ko kana tunawa ba. Wani hutu da na zo, kana ɗan shekara biyar ko shida, kana wasa a ƙofar gida motar haya ta sauke ni da akwatuna. Ka sheƙa cikin gida kana ihu, "Umma, Umma, Baban tsaraba ya zo!" Ashe haka kake bambanta ni da ƙanena, wanda shi ne Baba kawai, shi ke kai ka aski, shi ke riƙe hannunka zuwa masallacin Juma'a. Duk gidan aka yi dariya, ni ma na yi, har na ƙara maka alewa. A hutun nan zazzaɓi ya kama ka, na ɗauke ka zan kai ka asibiti, ka yi ta zillo kana kuka kana miƙa hannu wurin ƙanena. Dole na miƙa masa kai, na bi ku a baya riƙe da takalmanka. Na koma Dubai na ce a raina yaro ne, in ya girma zai gane don shi nake yi. Ka girma, ka gane, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba, ba ka taɓa ƙin gaishe ni ba. Shekarun nan da ka zo aiki muke gida ɗaya, na ji ka kana hira da ƙanena a waya kana ƙyaƙyata dariya har da buga cinya. Ni kuwa rabona "To, Baba." Ban ga laifinka ba ko kaɗan, abin da na shuka ke nan.

Gidan da na yi duk wannan dominsa ka san shi. Ɗakuna birjik, ga bishiyar mangwaro a tsakar gida. 'Yan haya ne a ciki yanzu, 'ya'yan wani ne suke hawa mangwaron.

Na san abin da ke ranka, kuma ba abin kunya ba ne. Kana son ka ga ka tsaya da ƙafarka, kana son Safiya ta shiga gidan da za ta ce nata ne, ba ta zauna da surukai a ɗaki biyu da falo ba. Namiji ne kai, na yaba. Kuma na san akwai dubban mutane a garin nan da ba su da zaɓi. Kullum ina ganinsu a Al Warsan, motoci na sauke su da yamma, kowa na manne da waya yana yi wa ɗansa wasa ta gilashi. Su albashinsu ba zai taɓa kaiwa su kawo iyali ba, Allah ya dafa musu. Kai naka ya kai, abin da ya rage haya ce, ga ta kuma an ajiye maka a gabanka. Gidan zai yi jinkiri, na yarda, wataƙila ma ya fi wanda ka zana ƙanƙanta.

Game da cewa ajiyar tsufana ce, to Abba, tsufan ai ga shi na iso, ina tsakiyarsa. Abin da ya rage a asusun ya ishe ni da Ummanka magani da abinci har iyakar abin da Allah ya rubuta mana. Wannan kason kuwa dole ya fito bana, ya fito baɗi, ko ka karɓa ko ka ƙi, ko ni ma ina so ko ba na so. Ba alfarma nake maka ba, ni ma tilasta mini aka yi. Nama ba na iya taunawa, Ummanka ta ce zane ɗaya ya ishe ta. In ka ƙi karɓa, Sule ne zai ci gaba da cinye su a wurin masu gashi, kuma likita ya hana shi maiƙo, ka ga alhakinsa a wuyanka. Ni dai tunda aka fara ciro kuɗin nan ban ga abin da zan saya da su in ji sun yi amfani ba, sai yanzu. Shekarun da na cire daga gidana na zuba a asusun nan ba za su dawo mini ba. Ka bar ni in saya wa Hanifa nata.

Abu ɗaya nake roƙo kafin ka ba ni amsa. Kada ka zo ka ce mini "to," kada kuma ka ce mini "a'a," sai ka zauna da Safiya ka tambaye ta abin da take so. In ta ce duk yadda ka yi daidai ne, ka sani ba ta amsa ba tukuna, ka yi shiru ka jira. In bayan haka da bakinta ta ce Kanon take so, na janye maganata, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni ban taɓa ba Ummanka wannan damar ba, shi ya sa ba zan yanke wa matar wani hukunci ba, ko da ta hanyar alheri ne.

Jiya da la'asar kana wurin aiki, Hanifa ta hau cinyata tana wasa da carbina. Ta ji ana ta maganar tafiya a gidan, ka san kunnen yara. Ta ɗago ta ce, "Kaka, in Dadi ya tafi, zai riƙa kawo mini tsaraba?" Ummanka tana zaune a gefe tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya. Na ce wa yarinyar ta je ta tambaye ka da kanta, don ni ba zan iya amsa wannan ba. In ta zo maka da tambayar, ka dube ta da kyau kafin ka yi magana.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama. Ya haɗa ka da shugabanni masu adalci da maƙwabta na gari, ya kare ka daga sharrin hanya, na sama da na ƙasa. Allah ya sa albarka a abin da za ka samu, ya ba ka lafiyar cinsa tare da waɗanda kake nema dominsu. Ummanka tana sa maka albarka. Ka yafe mini abin da ka sani da wanda sai yau ka ji.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Babanka kawai, in ka yarda.